Shekara biyu a Ingila ina koyon jinya da kiɗa: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da na dawo gida a ƙarshen 2024 ba a bar ni na huta ba. A gidan biki, a gidan suna, har a layin karɓar kati na asibiti, duk wadda ta ji abin da na je karantowa sai ta gyara zama. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda, kowace da bakin mai ita. Inda na kawo labarin mara lafiya na sauya masa kamanni, don amanarsa na wuyana.

Wai mece ce jinya da kiɗa? Faifai ake kunna wa mara lafiya ya warke?

Haka kusan kowa ke zato, ni ma haka na zata kafin na shiga. Kunna faifai ɗan yanki ne ƙwarai na aikin. Akasari ɗaki ne ake warewa, a rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, na minti 30 zuwa 50. A ciki akwai fiyano, jita, ganguna, caki, kuge, da sauran abubuwan da ko wanda bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba zai iya bugawa. Mara lafiya ya taɓa abin da ransa ya so, ko ya yi guɗa, ko ya yi kuka, ko ya buga ƙafa, ni kuma in amsa masa da sauti, nan take, ba tare da rubutaccen kiɗa ba. Kamar hira ce da mutumin da magana ta gagare shi, ko ta yi masa nauyi.

Kowane zama yana da manufa a rubuce: yaron nan ya iya jiran nasa lokacin, dattijuwar nan ta rage firgitar yamma, mutumin nan da ɓarin jikinsa ya shanye ya daidaita takunsa. Ana rubuta rahoto, ana zama da likita da nas da mai gashin ƙashi a tattauna. Ba wanda ake ce wa ya ajiye ƙwayoyinsa.

Ke kuwa 'yar nan, duk karatun duniya sai kiɗa? Babanki ya yarda?

Gwaggona ce ta yi mini wannan, kuma da ma na san za a yi. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, yana tafe da roƙo, kuma gidan da ba su gada ba suna ganin faɗuwa ce 'yarsu ta riƙe ganga. Muna son makaɗi a wurin biki, muna yi masa liƙi, amma kaɗan ne ke ba shi aure. Baba bai ɓoye mini ba. Cewa ya yi, “Digirinki na halayyar ɗan'adam bai ishe ki ba sai kin koma maroƙiya?” Wata uku muka yi ba a sake tayar da zancen ba. Abin da ya sauko da shi hoton bidiyo ne na wani mai ciwon karkarwa da ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, ana buga masa taku sai ya taka. Yayan Baba da irin wannan ciwon ya rasu. Ya kalla sau biyu, ya miƙo mini wayar, ya ce in je in nemi fasfo.

Maganar addini kuwa, ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa ba. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne: da yawa sun hana, irin su Ibn Hazm da Imam Gazali sun sassauta da sharuɗɗa, kuma kusan kowa ya yarda da murya da mandiri a wasu wurare. A wurin aiki ba na gardama da kowa. Iyalin da suka ce ba sa son fiyano sai mu yi da murya da tafi da mandiri. A Ingila ma na gamu da haka wurin wasu iyalai 'yan Somaliya da Fakistan, kuma sau da yawa ni ake turawa in yi musu bayani, saboda na san inda damuwarsu take tun kafin su buɗe baki.

Turawa ne suka ƙirƙiro shi?

A matsayin sana'a mai takardar shaida, e. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa asibitocin sojoji a Amurka sun lura da yadda kiɗa ke taɓa waɗanda yaƙi ya gigita, sai aka ga makaɗan na bukatar horo. Jami'ar Jihar Mishigan ta buɗe digirin farko a 1944, aka kafa ƙungiyar ƙasa a 1950. A Ingila wata mai goge 'yar asalin Faransa, Juliette Alvin, ta kafa ƙungiya a 1958, kimanin shekara goma bayan haka ta fara koyarwa a makarantar Guildhall ta Landan. A wannan tsakanin ne Paul Nordoff, Ba'amurke mai tsara kiɗa, ya haɗu da Clive Robbins, malamin yara masu nakasa, suka gina salon da har yau ke ɗauke da sunansu.

Amma tunanin ya girme su nesa ba kusa ba. Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya yi babban littafi a kan kiɗa. A garin Edirne na Turkiyya, asibitin da Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya gina a 1488 yana da makaɗan da ke yi wa masu taɓin hankali kiɗa, ga ƙarar ruwa daga maɓuɓɓuga a tsakiyar ginin. Yanzu gidan tarihi ne. A ajinmu sakin layi ɗaya aka ba wannan tarihin, aka wuce. Ni na koma ɗakin karatu na bi shi da kaina, har na tura wa Baba hotunan.

Anti, me ake nema kafin a ɗauki mutum?

A Birtaniya digiri na biyu ne, shekara biyu in cikakken lokaci ne, uku a wasu wuraren. Makarantun ba su da yawa: Guildhall da Roehampton da Nordoff and Robbins a Landan, Anglia Ruskin a Kambirij, Queen Margaret a Edinbara, da 'yan kaɗan. Ba a kiran kai mai jinya da kiɗa a can sai hukumar HCPC, mai kula da ma'aikatan lafiya, ta yi wa mutum rajista. Laifi ne a doka.

Za su so digirin farko, ba lallai na kiɗa ba. Za su so shaidar ka taɓa aiki da masu rauni, ko da na sa kai ne. Ni shekara biyu na yi a wata makarantar yara masu bukata ta musamman. Turanci kuwa, hukumar na neman maki 7 a jarrabawar IELTS, kada wani sashe ya gaza 6.5. Sai babban shingen: gwajin kiɗa. Suna neman ƙwarewar da ta kai mataki na 8 a ma'auninsu a kan kayan kiɗa ɗaya, da ɗan hannu a fiyano ko jita. Ni a Jos na koyi fiyano wurin maƙwabtanmu masu zuwa coci, da kunne, ban iya karanta rubutun kiɗa da kyau ba sai da na yi shekara guda ina fama. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanwata. In kina so, tun yau za ki fara.

Nawa ya ci?

Ya ci gonar Mama. Kuɗin makaranta na sauyawa kowace shekara, a duba shafin kowace makaranta. Abin da mutane ke mantawa su ne na gefe: biza, gwajin tarin fuka da ake wajabta wa 'yan Najeriya, da harajin lafiya wanda ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibai tun Fabrairun 2024. Akwai kuɗin jirgin ƙasa zuwa wurin koyon aiki, akwai kuma kuɗin ganin mai ba da shawara na kanka, wanda zan yi bayani a gaba. Na shiga a Satumban 2022. A Yunin 2023 aka saki naira, kafin in biya kashin ƙarshe abin da aka tara mini bai kai rabin darajarsa ba. Biza ta ba ɗalibi damar aikin awa 20 a mako; nawa a gidan kula da tsofaffi na yi shi, Asabar da Lahadi. Masu iyali su sani, tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan digiri ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya a kan bizarsa.

Yaya karatun yake a mako?

Kwana biyu a aji, kwana ɗaya a wurin koyon aiki, sauran na karatu da atisaye. A aji ana koyon girman yaro, cututtukan ƙwaƙwalwa, dokokin sirri, da kiɗan nan-take. Akan ɗauki sautin zaman da ka yi da mara lafiya, da izininsa, a kawo gaban mai duba aikinka, a saurari minti biyu sau biyar. “Me ya sa kika ɗaga sauti a nan? Shi ya nema, ko ke ce kika gaji?” Irin tambayar ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wajibi ne ɗalibi shi ma ya riƙa ganin mai ba da shawara, ya zauna ya faɗi cikinsa. Ni da aka raina da kunya da kara, aka koya mini cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ga ni gaban baƙuwar Baturiya ana jira in yi zancen gidanmu. Wata biyu na yi ina ba ta labarin sanyi da tsadar bas. Daga baya na gane hikimar: wanda bai san inda nasa miki yake ba, zai fama shi a jikin mara lafiya.

Me ya fi ba ki wahala?

Abu biyu, kuma ba sanyi a ciki.

Na farko shiru. A wurinmu makaɗi ba ya barin fili ya mutu. In wuri ya yi tsit, gazawarsa ce. Da wannan na tafi. Wurin koyon aikina na farko makarantar yara ce, aka ba ni wani yaro ɗan shekara bakwai da ba ya magana. Ya shigo ya juya mini baya, ni kuwa na hau fiyano, na koma ganga, na rera, na tafa, minti talatin cur. Da muka saurari sautin, mai duba aikina ta tsayar a wani wuri ta ce in sake ji. Can ƙarƙashin hayaniyata, yaron yana ƙwanƙwasa ƙafar kujera da farce, sau uku, ya tsaya, sau uku, ya tsaya. Magana yake yi mini tun minti na huɗu, ni ina ta biki. A mako na gaba na zauna na ɗora hannuwa a cinya. Na ƙirga numfashina har na ji kamar zan tashi in gudu. Da ya ƙwanƙwasa uku, na mayar masa da uku a jikin ganga, a hankali. Bai juyo ba ranar. Amma ya yi huɗu, ya jira.

Na biyu, waƙoƙin mutane. Ana yawan cewa kiɗa harshe ne da kowa ke ji. A sashen masu gigin tsufa na gane iyakar wannan magana. Mutumin da ya manta sunan 'yarsa yakan riƙe waƙar da ya ji yana saurayi, baiti bayan baiti, amma tasa waƙar, ba kowace ba. Abokan karatuna sun taso suna jin waɗannan waƙoƙi a bakin kakanninsu: na coci, na filin ƙwallo, na gidan rawa na shekarun 1950 da 1960. Ni ko ɗaya ban sani ba. Na sayi littafin rubutu na riƙa bin tsofaffin da nake yi wa aiki ranar Asabar, ina roƙonsu su rera mini. Wata tsohuwa ta riƙa gyara mini lafazi tana faɗa, kamar malamar allo. Nas ɗin sashen ta ce rabon da a ji ta yi doguwar magana haka an yi watanni. Ashe jahilcina ma ya yi rana: ya ba ta abin da za ta koyar.

A nan ne kakata ta riƙa faɗo mini a rai. Tana da waƙar da take yi a bakin dutsen niƙa, wadda a ciki take zagin kishiya ba tare da ta kama suna ba, ta ambaci 'ya'yanta da suka rasu, ta gama ta share fuska ta tashi. Da lugude in ana daka, da shantu a ɗakin amarya, da kiɗan ƙwarya, da waƙar raino. Ina yarinya ban ɗauke su komai ba. Sai da na zauna a aji a wata ƙasa ana yi mini bayanin yadda uwa ke daidaita muryarta da numfashin jariri, na ce a raina, ai wannan a bayan Inna na koye shi. Injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa ta tafi, ban san wanda ya tambayi inda matan suka koma kai kukansu ba.

Tsakani da Allah, yana aiki?

A wasu wurare ƙwarai, a wasu kaɗan, kuma duk wanda ya ce miki yana maganin komai tallarsa yake yi. Hujja ta fi ƙarfi a wajen tafiya: bugun taku mai daidaito na taimaka wa masu ciwon Fakinsin, wato ciwon karkarwa, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, aikin da Michael Thaut ya yi suna a kansa a Kolorado. Akwai kuma dabarar da aka fito da ita a Boston a 1973, ta sa wanda ya rasa magana ya rera kalma kafin ya faɗe ta. 'Yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords, da aka harba a ka a Janairun 2011, rera waƙa na cikin abin da ya taimaka mata ta dawo da magana. Ga masu gigin tsufa, yana rage ƙunci da damuwa, amma ba ya dawo da ƙwaƙwalwar da ta tafi.

Ga kuma wanda malamanmu ba su ɓoye mana ba: a 2017 an buga sakamakon wani babban gwaji a kan yara 364 masu galahanga a ƙasashe tara, aka ga kiɗan nan-take bai rage alamomin larurar fiye da kulawar da aka saba ba. Mun yi mako guda muna muhawara a kai. Ni dai abin da na ɗauka shi ne kada in yi wa uwa alkawarin ɗanta zai warke. Abin da zan iya cewa, zai sami rabin awa da wani ke sauraronsa a yadda yake.

To ba bori ba ne aka sa masa kwat?

Wani abokin yayana ne ya jefo wannan yana dariya, amma tambaya ce mai kyau. A bori akwai garaya da goge da buta, kowane iska da taken da ake kiransa da shi, kuma manufar ita ce a hau. A nawa aikin ba a kiran kowa, ba a neman mutum ya fita hayyacinsa. So ake ya ƙara dawowa cikinsa. Inda suka yi kama shi ne duka biyun sun san ciwo ba a jiki kaɗai yake zama ba, kuma mara lafiya na bukatar jama'a. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abekuta, inda ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A ajinmu ba wanda ya taɓa jin sunansa sai da na kawo shi a wata takarda.

An nuna miki wariya?

Ba irin ta zagi ba. Irin wadda duk aka fito da ganga sai a juyo a kalle ni, alhali fiyano ne kayana. Wata rana a wani wurin koyon aiki aka gabatar da ni da cewa zan kawo musu “kiɗan Afirka”, kamar Afirka unguwa ce. Na yi murmushi, na kai maganar gaban mai duba aikina, aka gyara.

Sanyi da azumi fa?

A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su taru a cikin zama ɗaya na aji. Na roƙi ɗan lungu a ɗakin ajiyar kayan kiɗa. Azumin 2023 da na 2024 a Maris da Afrilu suka faɗo, da sauƙi. Rera waƙa da busasshen maƙogwaro ne kawai aiki. Ki tafi da yaji, da kuka, da daddawa a ƙulle da kyau.

Kin dawo. Ina aikin?

Ga inda nake so mai niyya ya buɗe ido. Asibitocin da na zaga ba su da gurbi mai wannan suna, ba matakin albashi, ba wanda zai duba aikina. Wani jami'i ya juya takardata ya tambaye ni ko zan riƙa yi musu wasa ranar walimar ƙarshen shekara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofa a takarda, saura a gani a ƙasa. Yanzu ina aiki kwana uku a wata makarantar yara, kwana ɗaya da wasu mata da rikici ya raba da garuruwansu, kuma ina biyan wata ƙwararriya tana duba aikina ta intanet sau ɗaya a wata.

Da matan nan ko fiyano ban taɓa kaiwa ba. Ƙwarya muke kifawa a ruwa, su suke kawo waƙoƙin, ni nawa in lura da wadda ta yi shiru. Da zan sake zaɓe, da na duba Jami'ar Firitoriya a Afirka ta Kudu da kyau, wadda ke koyar da fannin tun 1999, saboda sun saba aiki da jama'a a rukuni, a unguwannin da ba ɗaki mai kafet da agogo.

Yaya, in na samu zan iya tafiya da kalanguna?

Ɗan ƙanen Baba ne, shi kaɗai a danginmu ya nuna yana so. Ka tafi da shi, kuma ka buga shi a gwajin shiga. Kalangu na bin hawa da saukar harshe, yana iya kiran sunan yaro ba tare da an buɗe baki ba, fiyano kuwa ba ya lanƙwasa sauti haka. Sai dai danshin can na sa fata ta saki, in kuma ka jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki za ta bushe ta tsage. Ka naɗe shi a zane, ka riƙe shi a hannu cikin jirgi, ka kuma tafi da fatar canji biyu da tsarkiya, don ba za ka sami mai ɗaure maka a can ba.